Daga wayar iska zuwa Wi-Fi: tarihin da ke bayan yawan yankewar intanet a kwamfutar tebur

Mai karatu, a ce kai ne da ɗan shagon buga takardu da rajistar ɗalibai a Rikoto, cikin garin Zuru. Yau ce ranar ƙarshe, ƙarfe goma sha biyun dare za a rufe shafin rajista, ga ɗalibai shida a kan benci suna jiran a ɗora musu takardu. Kwamfutarka ta tebur ce mai ƙarfi, kuma da za ka saye ta an ce maka tana da Wi-Fi a jikinta, ba sai ka nemi wani abu ka jona ba. Hoto ya kai rabi wajen hawa, sai ƙaramar alamar nan ta ƙasan allo ta ɓace. Bayan minti ɗaya ta dawo, bayan minti biyar ta sake tafiya. Abin haushin shi ne wayar da ke aljihunka tana kan rautar nan ɗaya, kuma ko gezau ba ta yi.

Mafi yawanmu a nan kamfanin layi muke fara zagi. Wasu su ɗauki kwamfutar zuwa wajen mai gyara, ya goge komai ya sake zuba Windows, a biya shi, a dawo gida matsala tana nan. To ruwa ba ya tsami banza. Kusan duk dalilin da ke sa Wi-Fi ɗin kwamfutar tebur ya riƙa yankewa yana da asali a wata shawara da wasu injiniyoyi suka yanke shekaru talatin, hamsin, har saba'in da suka wuce. In ka san wannan tarihin, za ka san inda za ka fara dubawa.

Wi-Fi rediyo ne

Kakanninmu da suka ga tangaraho sun kira shi waya, saboda zaren ƙarfen da aka ja a kan turaku. Da aka zo da na'urar da ke aika saƙo ba tare da zaren ba, sai suka ce mata wayar iska. Sunan nan ya dace da Wi-Fi sarai, domin rediyo ne, irin wanda Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar igiyoyinsa a Jamus a 1887, Guglielmo Marconi kuma ya tsallakar da shi Tekun Atlantika a Disamba 1901.

Bambancin yana wajen zango. Wanda ya saba kama labaran safe a gajeren zango ya san mita 49 da mita 31: wannan shi ne tsawon igiya ɗaya. Igiyar FM ba ta wuce kamar mita 3 ba. Ta Wi-Fi kuwa, a kan gigahaz 2.4, santimita 12 da rabi ce, ba ta kai tsawon biro ba. A kan gigahaz 5 kuma wajen santimita 6 ce. Igiya gajera haka tana iya ɗaukar bayanai da yawa, amma ba ta da juriyar ratsa abubuwa. Bangon bulo yana rage mata ƙarfi, katangar ƙasa mai kauri ma haka, musamman da damina in ta sha ruwa. Jikin mutum kansa, da yake yawancinsa ruwa ne, yana tare ta. Ƙarfe kuwa mayar da ita yake yi kamar yadda madubi ke mayar da haske. Riƙe wannan maganar ta ƙarfe, za mu dawo kanta.

Hawai, 1971: kowa ya jira wani ya gama

A Jami'ar Hawai da ke tsibiran Amurka na Tekun Fasifik, babbar kwamfuta tana tsibiri ɗaya, masu bukatarta suna warwatse a wasu tsibiran, kuma jan waya tsakaninsu akwai tsada. Wani malami, Norman Abramson, da abokan aikinsa suka haɗa su ta rediyo a 1971, suka sa wa tsarin suna ALOHAnet. Gudunsa bit 9,600 ne a daƙiƙa. Dabararsu mai sauƙi ce: kowa yana amfani da tasha ɗaya, duk mai saƙo ya aika. In bai ji amsar cewa ya isa ba, to ya yi karo da na wani ke nan, sai ya ɗan jira wani lokaci da ya zaɓa da ka, ya sake aikawa.

Wannan dabarar Robert Metcalfe ya gyara a 1973 a cibiyar binciken Xerox, ya sa ta cikin kebul, aka sami Ethernet, wato wayar netwok ɗin da kake gani a ofisoshi. Wi-Fi ma ita ya gada, da ƙari ɗaya: kafin na'ura ta yi magana sai ta saurara, in wani yana magana ta yi shiru. Kamar dai majalisar dattawa a zaure, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda.

Me wannan ke nufi a shagonka? Duk wayar da ka ba lambar sirrin rautarka tana cikin zauren nan. Wayar da ke nesa, wadda siginarta ta yi rauni, magana take a hankali tana maimaitawa, kowa kuma dole ya jira ta. Rautar maƙwabcinka ma, in tashar ku ɗaya, zaurenku ɗaya ne ko da ba ku san lambar sirrin juna ba. Shi ya sa wani lokaci da sassafe komai lafiya, da hantsi kuwa in shago ya cika sai abu ya fara cijewa.

1985: an ba mu fili a juji

Me ya sa Wi-Fi ya zauna a gigahaz 2.4? Ba don ya fi ko'ina kyau ba ne. A 1945 wani injiniyan kamfanin Raytheon, Percy Spencer, ya lura cewa igiyoyin na'urar rada suna ɗumama abinci. A taron ƙungiyar sadarwa ta duniya da aka yi a Atlantic City a 1947, aka ware wasu zanguna don na'urorin masana'antu da kimiyya da asibiti, waɗanda ke fitar da igiyar rediyo ba don sadarwa ba. Na'urar ɗumama abinci ta sami wuri a gigahaz 2.45. Masu gidajen rediyo ba su damu da wurin ba, hayaniya ta yi masa yawa, har injiniyoyi suna kiransa juji.

A watan Mayu 1985 hukumar sadarwar Amurka, FCC, bisa ƙoƙarin wani injiniyanta mai suna Michael Marcus, ta ce kowa na iya sadarwa a waɗannan zangunan ba tare da lasisi ba. Sharaɗin shi ne ƙarfin na'ura kada ya wuce wat ɗaya, ta baza siginarta maimakon tara ta wuri guda, kuma in wani ya dame ta da hayaniya babu inda za ta kai ƙara. Rashin lasisin nan ne ya sa Wi-Fi ya yi arha har ya iso Zuru. Shi ne kuma ya sa ba shi da mai kare shi.

Filin ma ba shi da faɗi. Megahaz 83 da rabi ne gaba ɗaya. An yanka shi tashoshi 13 a yawancin ƙasashe, tsakanin kowace da mai bi mata megahaz 5, alhali kowace tasha tana cin kimanin megahaz 20. Ka ga dole su hau kan juna. Shi ya sa aka saba cewa a zaɓi tasha ta 1, ko ta 6, ko ta 11, domin su ukun nan ba sa taɓa juna. Bluetooth ma a nan yake zaune, yana tsalle tsakanin ƙananan tashoshi 79 sau 1,600 a daƙiƙa. Tsallen tasha irin wannan tsohuwar dabara ce: 'yar fim Hedy Lamarr da mawaƙi George Antheil sun sami takardar mallakar wani salonta tun 1942.

Akwai wani baƙon da ba a gayyata ba. Ramin USB 3.0, wanda galibi ake yi wa shuɗin harshe, yana tura bayanai da gudun gigabit 5 a daƙiƙa, kuma hayaniyar lantarkin da yake zubarwa tana faɗawa daidai kan gigahaz 2.4. Kamfanin Intel da kansa ya fitar da rahoto a kan haka a 2012. Yanzu leƙa bayan kwamfutarka: ramukan USB ɗin suna dab da inda ake ɗaura eriya. In Wi-Fi yana yankewa ne duk sa'ad da ka jona faifan ajiya na waje ko filasha, ga mai laifin nan. Mayar da faifan ramin gaba, ko ka nisanta eriyar.

Amsa-kuwwa a cikin ɗaki

Kakan Wi-Fi na kasuwa an haife shi ne a Holan, a garin Nieuwegein, inda injiniyoyin kamfanin NCR suka ƙera WaveLAN a farkon shekarun 1990, da nufin haɗa injinan karɓar kuɗi na manyan kantuna ba tare da jan waya ba. Ɗaya daga cikinsu, Vic Hayes, shi ya shugabanci kwamitin 802.11 na ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE daga 1990 har shekara goma. Ƙa'idar farko ta fito a 1997 da gudun megabit 2 a daƙiƙa. A 1999 aka sami 802.11b mai megabit 11, a shekarar ne kuma wani kamfanin talla, Interbrand, ya ƙago sunan Wi-Fi.

Babban abin da ya hana gudu ƙaruwa shi ne amsa-kuwwa. Duk wanda ya taɓa ƙwala kira a gindin duwatsun ƙasar Zuru ya san yadda murya ke dawowa ta hau kan kalmar da ke bi mata. Haka igiyar rediyo ke yi a ɗaki: wata ta zo kai tsaye, wata ta bugi rufin kwano ta dawo, wata ta bugi ƙofar ƙarfe. Suna isowa a lokuta daban-daban, su cakuɗe. A wani gurbin su ƙara wa juna ƙarfi, a wani gurbin, tazarar 'yan santimita kaɗan, su kashe juna.

Wasu masu bincike a hukumar kimiyya ta Ostareliya, CSIRO, ƙarƙashin John O'Sullivan, sun zo da mafita daga wani fanni daban. O'Sullivan masanin falaki ne mai sauraron sararin samaniya ta rediyo, kuma lissafin da ya yi amfani da shi wajen tace sigina mai rauni shi suka juyo da shi cikin ɗaki. Maimakon a tura saƙo da gudu a layi ɗaya, sai a raba shi kan ƙananan layuka masu yawa, kowanne yana tafiya a hankali yadda amsa-kuwwa ba za ta ruɗa shi ba. Tushen dabarar ya girme su, tun shekarun 1960 ake maganarsa, amma sun sami takardar mallakar nasu tsarin a Amurka a 1996, daga baya kuma manyan kamfanoni suka biya hukumar ɗaruruwan miliyoyin daloli. A 2009 ƙa'idar 802.11n ta ƙara wani mataki: amfani da eriya biyu ko fiye a lokaci guda, har amsa-kuwwar ta zama abin amfani.

Darasi biyu ke nan gare ka. Na ɗaya, matsar da eriya ko da taƙi ɗaya yana iya canza komai, ba camfi ba ne. Na biyu, ramukan eriya biyun da ke bayan kwamfutarka ba ado ba ne, dukansu ake so a ɗaura. A yawancin katunan ma, ɗaya daga cikinsu Wi-Fi da Bluetooth ne ke rabonsa.

An ɗinka rigar ne don laftof

Ranar 21 ga Yuli 1999, a birnin New York, Steve Jobs ya ɗaga wata laftof mai suna iBook tana buɗe shafin intanet, ya zura ta cikin wani babban zobe don mutane su ga babu waya a jikinta. Katin da ke ciki dala 99 ne, eriyar kuma an ɓoye ta a murfin allo, sama, cikin roba. A 2003 Intel ya fito da Centrino, daga nan Wi-Fi ya zama abin da kowace laftof ke zuwa da shi. Duk tunanin masu ƙira yana kan na'ura mai batir, mai yawo, mai jikin da igiya ke iya ratsawa.

Kwamfutar tebur kuwa akwatin ƙarfe ce, kuma da gangan aka yi ta haka, don hayaniyar lantarkin cikinta kada ta fito ta dami rediyo da talabijin. Tun 1836 Michael Faraday ya nuna cewa abin da aka kewaye da ƙarfe ya rabu da tasirin lantarkin waje. Saboda haka da masu ƙera uwar allo, wato babban faifan da masu gyara ke kira madabod, suka sa mata Wi-Fi, abin da suka yi shi ne ɗauko ɗan katin laftof, suka soke shi a wani ƙaramin rami da ake kira M.2, suka rufe shi da ƙarfe, suka fito da 'yan wayoyi biyu zuwa bayan akwati. Abin da ake ce maka "a jikinta yake" a mafi yawan alluna wannan katin ne, faɗinsa santimita 2.2, tsawonsa 3.

To duba yadda muke ajiye ta. A ƙasa, ƙarƙashin tebur, bayanta manne da bango, akwatin ƙarfen yana tsakanin eriya da rauta, ga sitabilaiza da tarin wayoyi a gefe. Ko da eriyar tana nan, an sa ta a wuri mafi muni a ɗakin. Sau da yawa ma ba ta nan. Kwamfutocin da ke zuwa mana na hannu ne, sun bi ta Ikeja ko Kano kafin su iso, eriyar kuma tana cikin kwalin da aka yar tun a Turai. Ba tare da eriya ba katin yana iya ganin rautar da ke kusa, ya nuna sanda ɗaya ko biyu, har ya haɗu. Da an fara aiki na gaske sai ya saki. Wannan shi ne dalili na farko da ya kamata ka duba, kuma shi aka fi mantawa.

In za ka sayi eriya, ga wani tarko da shi ma tarihi ya haifa. Dokar Amurka ta bukaci masu ƙera waɗannan na'urori su sa mahaɗin da ba a samu a kasuwa ba, don kada mutane su ɗaura babbar eriya su wuce ƙarfin da aka yarda. Sai kamfanoni suka ɗauki sanannen mahaɗi mai suna SMA suka juya shi, tsinken ya koma inda rami yake, aka kira shi RP-SMA. A bayan kwamfutarka tsinken yake, don haka eriyar da za ka saya mai rami ce a tsakiya. Eriyar rautar 4G, wadda ta yi kama da ita kamar an tsaga kara, galibi tsinke gare ta. In ka matsa ta da ƙarfi, tsinke ya ci karo da tsinke, ka lanƙwasa na kwamfutar. Wadda ta fi ita ce eriya mai doguwar waya da gindi, wadda za ka ɗora a kan tebur ko saman kabad inda take hangen rauta.

Kwamfutar da ba ta mutuwa

Akwai wata matsalar daban: jiya lafiya, yau an ɗauke wuta an dawo da ita, ko an juya daga janareta zuwa wutar gari, sai Wi-Fi ya ɓace ɗungurungum, ko alamarsa babu. Ka kashe ka kunna sau uku, shiru.

Asalin wannan yana 1995, lokacin da Intel ya fito da tsarin ATX. Kafin nan makunnin kwamfuta yanke wuta yake yi kai tsaye. Daga ATX, muddin waya tana jikin soket, akwai volt 5 da ke ci gaba da zagaya wasu sassan allo ko da ka kashe. Katin Wi-Fi yana da 'yar ƙwaƙwalwarsa da 'yar manhajarsa. In wuta ta yi rawa ta rikita shi, zai iya zama a rikice, tunda wutar jiran nan ba ta bar shi ya mutu ya farfaɗo ba. Sannan tun daga Windows 8 a 2012, akwai tsarin saurin tashi mai suna Fast Startup, wanda in ka ce a kashe, sai ya adana halin da direbobi suke ciki ya dawo da su yadda suke. Wato kashewa ba ta wanke komai, Restart ne ke wankewa.

Maganin ba ya cin ko sisi. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango ko daga UPS, danna makunnin ka riƙe kamar daƙiƙa 30 don ragowar wutar ta tsiyaye, ka ɗan jira, ka mayar. Katuna da yawa da aka yanke wa hukuncin mutuwa haka suke dawowa.

Gadon laftof ya bar wani abu kuma: son tanadin batir. Windows yana iya sa katin barci in ya ga kamar ba a aiki da shi, wani katin kuma ba ya farkawa da kyau. Kwamfutar tebur ba ta da batirin da za a tanada. Shiga Device Manager, ka nemo katin a ƙarƙashin Network adapters, in akwai shafin Power Management ka cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe shi. Direba kuma, wato manhajar da ke fassara tsakanin Windows da katin, ka ɗauko shi daga shafin kamfanin da ya ƙera allon ko katin. In matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, a wurin nan dai akwai maɓallin komawa tsohon direba.

Wi-Fi daban, intanet daban

Duk abin da muka faɗa ya shafi 'yan mitocin da ke tsakanin kwamfuta da rauta ne. Daga rauta zuwa duniya wani tarihin ne, namu na gida. A Janairu 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta MTN da Econet suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. A 2010 kebul ɗin ƙarƙashin teku na Main One, wanda Funke Opeke ta jagoranta, ya haɗa Fotugal da Legas. A Janairu 2023 Starlink ya fara aiki a Najeriya. A garuruwa irin Zuru, inda yanzu ga Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa a 2020 da ɗalibanta masu bukatar intanet kullum, yawancin rautoci da MiFi layin waya ne a cikinsu. Saƙonka yana tashi daga rauta zuwa ƙarfen sabis, daga nan ya bi ɗaruruwan kilomita kafin ya kai teku.

Ko'ina a hanyar nan ana iya samun yankewa. Ranar 14 ga Maris 2024 kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Najeriya suka shiga wahala. A Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara, maƙwabciyar masarautar Zuru, na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. A irin waɗannan ranaku alamar Wi-Fi tana iya cika fal, domin ita tsakaninka da rauta kawai take aunawa.

Yaya za ka bambance? Gani ya kori ji. Buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka nemo lambar da ke gaban Default Gateway, misali 192.168.0.1. Adireshin rautarka ke nan. Rubuta ping, sai lambar, sai -t. Buɗe wata tagar ka rubuta ping 8.8.8.8 -t. Bar su suna gudu har lokacin da abin ya yanke. In ta farko tana amsawa ta biyu ta tsaya, kwamfutarka ba ta da laifi, matsalar daga rauta zuwa waje take. In dukansu suka tsaya, matsalar tana cikin ɗakinka.

Sannan rubuta netsh wlan show interfaces, za ka ga ƙarfin sigina cikin ɗari, da tashar da kake kai. Manhajojin auna Wi-Fi na waya kuma suna ba da shi da ma'aunin dBm: -50 ƙarfi ne sosai, wajen -67 aiki zai tafi, -80 kuwa sai addu'a. Kada ƙanƙantar bambancin lambobin ta ruɗe ka, kowane 10 ninki goma ne, don haka -80 ya fi -50 rauni sau dubu. In wayarka tana kama sigina mai ƙarfi a daidai inda kwamfuta ke kama mai rauni, koma kan eriya.

In abin ya faru gobe

Bi su a jere, daga na kyauta zuwa na kuɗi. Fara da gwajin ping don ka san ɓangaren da za ka nema. Duba eriya biyun, ka tabbata suna nan kuma a ɗaure, ka fito da su daga bayan akwati. Ɗaga rautar sama, nesa da ƙarfen taga da jikin kwano, kuma kada ka bar ta cikin rana: zafin Maris da Afrilu yana sa ƙananan MiFi su yi ta kashe kansu, batirinsu ma har kumbura yake. Zare abin da ke ramukan USB na baya ka gani. In rautarka tana da gigahaz 5 kuma ɗaki ɗaya kuke, koma can, ya fi sarari. In akwai bango biyu a tsakani, zauna a 2.4 ka gwada tasha ta 1, 6 ko 11. Tsiyaye wutar allon. Kashe barcin katin, ka gyara direba. Kunna rabon intanet na wayarka kusa da eriya: in kwamfuta ta riƙe shi awa guda ba yankewa, katinta lafiya yake, rautar ko tazarar ce.

Sai duk waɗannan sun gaza za a buɗe akwati. Mai gyara ya busa ƙurar hunturu, ya duba 'yan wayoyin nan biyu da ke manne a katin, domin jijjigar hanya tana ɓalle su. In katin ne ya mutu, shi kaɗai za a canza, ba allon gaba ɗaya ba. A lura dai, wasu katunan Intel na tsarin CNVi ba sa aiki sai a allon da aka yi dominsu, don haka a karanta lambar tsohon kafin a sayi sabo.

In kuwa dare ya yi, ɗalibai suna jira, kada ka tsaya bincike. Jona wayarka da kwamfuta ta kebul ɗin USB, ka kunna raba intanet ta USB a saitin wayar, ka gama aikin mutane. Gobe ka sayi kebul ɗin Ethernet. Yana kai mita 100 ba tare da ya raunana ba, ba ruwansa da rufin kwano ko rautar maƙwabci, sai dai kada ka ratsa da shi fili daga gini zuwa gini ba kariya, saboda tsawar damina. Ba banza ba hukumar JAMB, wadda ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, ta shardanta wa cibiyoyinta haɗa kwamfutoci da kebul. An ƙirƙiro Wi-Fi ne don na'urar da ke yawo. Kwamfutar da ta shekara uku a ƙarƙashin tebur ɗaya, in rauta tana kusa, kebul na 'yan mitoci ya ishe ta.